Ɗan ƙullutu a huhu: mutum-mutumi yana kai allura inda ake so kuwa?

Ga rubutaccen shirinmu na wannan makon, saboda waɗanda data ba ta ba su damar saurare ba.

  

Maganarmu ta yau daga wani saƙo ta taso. Wata 'yar'uwa ce ta rubuto mini, ta ce kada in faɗi sunanta, kuma ba zan faɗa ba. Mahaifinta ya haura shekara 60, ya daɗe yana shan taba kafin Allah ya yaye masa. An yi masa hoton ƙirji na siti sikan saboda wani dalili daban, sai likita ya hango wani ɗan ɗigo a huhunsa na dama, faɗinsa milimita 12. Tun daga ranar, in ji ta, barci ya ƙaurace wa gidan. Sai yayanta da ke karatu a waje ya turo musu bidiyon wata na'ura, wai mutum-mutumi ne da yake shiga cikin huhu ya ciro naman wurin a gwada. Tambayarta ita ce: da gaske ne wannan abin ba ya kuskure? In har ya ce babu sankara, shi ke nan babu?

To 'yar'uwa, Allah ya ba Baba lafiya. Zan yi bayanin dalla-dalla, amma ki riƙe wannan tun yanzu: abin da zan faɗa ba zai zauna a madadin likitan da ya ga hoton da idonsa ba.

Mu fara da shi ɗigon. Likitoci suna kiran abu ƙullutu ne idan faɗinsa bai wuce santimita 3 ba, wato daga kamar ƙwayar gero zuwa kamar goro. Milimita 12 kuwa, ku ɗauka kamar ƙwayar gyaɗa. Abin da zai ɗan kwantar da hankali shi ne, mafi yawan irin waɗannan ƙullutai ba sankara ba ne. Wani tabon tsohon ciwo ne da ya warke, wani tarin tibi ne ya bar shaidarsa, wani kumburi ne na ɗan lokaci. A Amurka an yi wani babban bincike da aka fitar da sakamakonsa a 2011, an sa mutum fiye da 53,000 masu tarihin shan taba. A cikin hotunan sitin da suka nuna abin tuhuma, kusan kashi 96 cikin 100 daga baya an gano ba sankara ba ce. Amma kuma wannan binciken dai shi ne ya nuna cewa duba irin waɗannan mutane da siti ya rage mutuwa daga sankarar huhu da kashi 20 cikin 100.

Kun ga inda gizo ke saƙar. Yawancinsu ba komai ba ne, amma kaɗan ɗin da suke sankara, kama su da wuri shi ne komai. Sankarar huhu ita ce ta fi kowace sankara kashe mutane a duniya. A ƙididdigar 2022, kusan mutum miliyan 2.5 suka kamu, kusan miliyan 1.8 suka rasu. Idan aka kama ta a matakin farko-farko, tana ƙarama ba ta yaɗu ba, tsakanin mutum 77 zuwa 92 cikin 100 suna kai shekara 5 a raye. Idan ta kai mataki na huɗu, bai fi mutum 10 cikin 100 ba. Kuma naman huhu ba ya jin zafi, shi ya sa ƙullutu zai yi ta girma mutum yana harkokinsa bai sani ba.

Ba kowane ƙullutu ake taɓawa ba. Wanda bai kai milimita 6 ba, haɗarin ya zama sankara bai kai kashi 1 cikin 100 ba. Amma idan ya haura milimita 8, musamman ga mai shekaru da ya sha taba, nan likita zai zaɓa: ko a sake hoto bayan wata 3 a ga ko ya ƙaru, ko a yi wani hoto na musamman da ke nuna yadda wurin yake cin sukari, ko kuma a ɗebo ɗan nama a kai ɗakin gwaji a duba da madubin likita. Wannan ɗebo naman shi ake cewa bayopsi. Hoto yana iya sa a yi zargi, amma nama ne kaɗai yake yanke hukunci.

Yauwa. To yaya ake kai wa ga abu kamar ƙwayar gyaɗa da ke can ƙuryar huhu?

Hanya ta farko ita ce ta waje. A kwantar da mutum a cikin na'urar siti, a kashe masa zafin wurin, a soka doguwar allura ta tsakanin haƙarƙari har ta kai ga ƙullutun. An daɗe ana yin wannan kuma yana aiki sosai. Matsalarsa ɗaya ce babba: dole allurar ta huda tantanin da ya lulluɓe huhu. Wani lokacin iska takan zurare ta wannan hudar ta taru a ƙirji, huhun ya sace kamar tayar da ta taka ƙusa. Wasu yakan warware da kansa, wasu kuwa sai an sa musu roba a ƙirji an kwantar da su a asibiti.

Hanya ta biyu ta ciki ce, wato a bi hanyar da Allah ya riga ya yi wa iska. Huhu kamar bishiya yake da aka juya kanta ƙasa: maƙogwaro shi ne gindin, ya rabu biyu, kowane reshe ya sake rabuwa, haka haka har kusan sau 23, kowace rabuwa tana ƙara sirancewa. Leƙa cikin waɗannan rassa da bututu shi ake kira bronkoskopi. Ba sabon abu ba ne. Tun a 1897 wani likitan Jamus mai suna Gustav Killian ya zura bututun ƙarfe ya ciro ƙashi da ya maƙale wa wani mutum a hanyar numfashi. A 1966 kuma Shigeto Ikeda na Japan ya fito da bututu mai lanƙwasa. Sai dai bututun da aka saba amfani da shi, kaurinsa milimita 5 zuwa 6 ne, yana shiga rabuwa ta huɗu ko ta biyar sai hanya ta yi masa ƙunci. Ƙananan ƙullutai kuwa da yawansu can gefe suke, inda bututun ba ya kaiwa. Daga inda ya tsaya, likita lalube yake yi.

Domin maganin wannan lalube aka ƙirƙiro jagora ta maganaɗisu. A ɗauki hoton sitin mutum, kwamfuta ta zana taswirar rassan huhunsa, a shimfiɗa wani allo mai maganaɗisu a ƙarƙashinsa, sai bakin bututun ya riƙa bayyana a kan taswirar kamar yadda ɗigon nan mai shuɗi yake nuna ka a taswirar waya. An samu ci gaba, amma ba yadda aka so ba. Wani bincike na mutum fiye da 1,200 a Amurka da aka wallafa a 2019 ya nuna an samu amsa a kusan kashi 73 cikin 100. Wani kundin bayanan asibitoci da aka fitar a 2016 kuwa, abin da ya nuna na bronkoskopi gaba ɗaya bai wuce kashi 54 ba.

Nan ne mutum-mutumi ya shigo. Kuma bari in gyara wani tunani tun da wuri, don na san abin da finafinai suka sa mana a kai. Ba wani ƙarfe ne mai ƙafa da ido yake yi wa mutum aiki ba. Hannu ne na inji da ke riƙe da siririn bututu, likita ne yake tuƙa shi daga farko har ƙarshe yana kallon allo. Na farko da hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da shi shi ne Monarch na kamfanin Auris Health, a 2018, ana sarrafa shi da abu mai kama da na wasan gem. A 2019 Ion na kamfanin Intuitive ya biyo baya, su ne masu na'urar tiyata ta da Vinci. A 2023 kuma Galaxy na kamfanin Noah Medical ya fito.

Me suka fi hannun mutum da shi? Abu uku. Na ɗaya sirantaka: bututun Ion milimita 3.5 ne, kusan kaurin robar tawadar da ke cikin biro, don haka yana kutsawa cikin rassan da tsohon bututu ba ya shiga. Na biyu lanƙwasa: bakinsa yana iya juyawa ko ta ina, har ya waiwayo baya. Na uku, wanda ni a ganina shi ne babba, tsayawa cak. Idan likita ya kai bututun inda yake so, injin yakan riƙe shi a wurin ba motsi, ko da an zura allura ta cikinsa. Da hannu kuwa, shigar allurar kaɗai tana iya kautar da bakin bututun daga saiti. Shi Ion ɗin ma akwai wani siririn zaren gilashi a jikinsa daga sama har ƙasa, wanda yake gaya wa kwamfuta yadda bututun ya lanƙwashe a kowane lokaci.

Wani zai ce to ai magana ta ƙare. Ba ta ƙare ba, kuma nan nake so ku ba ni kunnuwanku sosai.

Taswirar da injin yake bi, daga hoton da aka ɗauka kwanaki ko makonni da suka wuce aka zana ta. A ranar hoton mutum idonsa biyu, ya ɗaga hannuwa sama, ya ja numfashi ya cika ƙirji ya riƙe. A ranar aiki kuwa an sa shi barci, hannuwansa a gefe, inji ne yake hura masa iska. Huhun ranar hoto da huhun ranar aiki ba siffarsu ɗaya ba. Wani bincike na 2015 ya auna yadda ƙullutu yake motsawa tsakanin cika ƙirji da fitar da numfashi, aka samu a matsakaici kusan milimita 18. Ku tuna na Baba milimita 12 ne. Wato motsin ya fi ƙullutun kansa girma. Ƙari a kan haka, idan mutum yana kwance cikin maganin barci, sassan huhu na ƙasa da na baya sukan lotse su manne, su ja komai su kautar, wani lokacin ma su yi kama da ƙullutun a hoto.

Ku ɗauka ɗan adaidaita ne gwani, ya san aikinsa, kekensa sabo fil, ya shiga lungunan cikin birni yana bin taswirar waya. Waya ta ce masa ka iso. Ya tsaya daidai inda ta ce, bai kuskure ko taku ɗaya ba. Amma gidan da ake nema ya matsa zuwa bayan katanga. Laifin wa? Ba na direba ba ne, ba na keke ba ne, taswirar ce ta tsufa. Allon injin zai nuna wa likita cewa yana tsakiyar ƙullutu, alhali allurar tana gefensa tana ɗebo lafiyayyen nama.

Maganin wannan shi ne a sake ɗaukar hoto a nan take, mutum yana kwance, bututun yana ciki. Gani ya kori ji. Akwai wata na'urar hoto mai hannu kamar jinjirin wata, tana kewaya ƙirjin mutum cikin daƙiƙoƙi, likitan barci ya tsayar da numfashin na ɗan wannan lokaci, sai ta fito da hoto irin na siti mai nuna tsawo da faɗi da zurfi. Mu kira ta siti mai kewaye. Da ita likita zai ga ainihin inda ƙullutun yake a wannan mintin, ya gyara saiti, ya soka allura, ya sake kewayawa ya tabbatar da idonsa cewa tsinin allurar yana cikin ƙullutun. Wasu na'urorin kuma ba sa kewayawa gaba ɗaya, rabin kewaye suke yi su haɗa hoton, kamar yadda Galaxy yake yi. Akwai kuma wata 'yar siririyar waya mai amfani da sauti, irin sikanin da ake yi wa masu juna biyu amma ƙarami ƙwarai, ana zura ta cikin bututun ta nuna ko nama mai tauri ne ya kewaye wurin ko iska. Likitocin barci ma sun koyi dabarun hura iska da ke hana huhun lotsewa.

To yanzu mu zo kan lambobi, tunda su aka tambaya.

A watan Satumban 2025, a taron ƙungiyar likitocin numfashi ta Turai da aka yi a Amsterdam, Dakta Carolin Steinack ta asibitin jami'ar Zurich a Suwizalan ta gabatar da wani gwaji. Mutum 78 ne, masu ƙullutai 127, matsakaicin girmansu milimita 11, kusan irin na Baba. An raba su ta hanyar ƙuri'a: wasu aka yi musu bronkoskopi na gargajiya da hoton eksire, wasu aka yi musu da mutum-mutumi haɗe da siti mai kewaye. Ta hanyar gargajiya an samu amsa a kusan kashi 23 cikin 100. Da mutum-mutumi da hoto kuwa, kashi 84 da ɗoriya. Tazarar ba kaɗan ba ce. Amma ku lura da abu biyu: asibiti ɗaya ne kuma mutanen ba su da yawa, sannan an haɗa injin da hoton a tare, ba a gwada kowanne shi kaɗai ba.

Shi ya sa wani gwajin yake da muhimmanci. A asibitin jami'ar Vanderbilt da ke jihar Tennessee a Amurka, an gwada mutum-mutumi da jagorar maganaɗisu ta zamani, wadda ita ma aka haɗa mata ɗaukar hoto a nan take. Mutum fiye da 400, sakamakon ya fito a 2025. Mutum-mutumi ya samu kusan kashi 78, maganaɗisu kusan kashi 76. Kusan kunnen doki. Abin da ni na fahimta daga haɗa waɗannan biyun shi ne, kaso mai tsoka na nasarar daga hoton nan take yake zuwa, ba daga injin kaɗai ba. Inji mai tsada da ke bin tsohuwar taswira, ɗan adaidaitan nan ne dai.

Na uku shi ne wanda ya fi jan hankalin likitoci, an wallafa shi a mujallar New England Journal of Medicine a 2025. An gwada bi ta ciki da soka allura ta waje, a asibitoci 7 na Amurka, kan ƙullutai masu milimita 10 zuwa 30, aka bi mutanen har shekara guda don a tabbatar amsar da aka ba su gaskiya ce. Ta ciki an dace a kashi 79, ta waje kusan kashi 74. Wato ta ciki ba ta gaza ba. Inda bambancin ya fito fili shi ne sacewar huhu: kusan mutum 3 cikin 100 ta ciki, mutum 28 cikin 100 ta waje. Sai dai in faɗa muku gaskiya, a wannan gwajin ba mutum-mutumi aka yi amfani da shi ba, jagorar maganaɗisu ce da hoto. Don haka in kun ga wani ya ɗora wannan sakamakon a kan tallar mutum-mutumi, ku san ya ɗan ja zaren.

Yanzu ga wani abu da ba a cika faɗa a bidiyoyin talla ba. Kalmar “an dace” ita kanta akwai rigima a kanta. A ce an ɗebo nama, ɗakin gwaji ya ce sankara ce. Wannan amsa ce. A ce ya ce tibi ne, ko wata cutar da aka san sunanta. Wannan ma amsa ce. To idan ya ce kumburi kawai muka gani, ko lafiyayyen naman huhu muka gani fa? Wasu masu bincike a da sukan lissafa wannan cikin nasara idan aka bi mutum aka ga bai kamu da komai ba. Wasu kuma su ce a'a, wannan ba amsa ba ce, ƙila allurar ce ta kauce. Da sakamako iri ɗaya, wani zai ce kashi 90, wani ya ce 70. Shi ya sa a 2024 manyan ƙungiyoyin likitocin ƙirji na Amurka suka fitar da matsaya cewa a riƙa ƙirga amsar da ta bayyana takamaiman ciwo kawai. Saboda haka duk wanda ya ce maka injinsa yana dacewa kashi 95, ka tambaye shi da wane mudu ya auna.

Waɗanda suka taɓa zuwa Dawanau sayen hatsi za su gane wannan da sauri. Mai saye yakan soka ɗan ƙarfe mai rami a jikin buhu ya zaro 'yan ƙwayoyi ya duba. In ya ga ƙwari, magana ta ƙare, buhun yana da ƙwari. In bai gani ba fa? Bai tabbatar da cewa buhun lafiya ƙalau yake ba, ya dai tabbatar da cewa inda ya soka babu. Haka bayopsi yake. In ya ce sankara ce, kusan kullum gaskiya ne. In ya ce ba a ga sankara ba, kuma bai faɗi mene ne ba, to ba a gama ba. Sai a ci gaba da bibiya da hoto, ko a sake ɗebowa, ko a yi tiyata a cire idan zargin yana da ƙarfi.

To 'yar'uwa, ga amsar tambayarki a taƙaice. Yana kuskure. A hannun ƙwararru, da hoton nan take, ana samun amsa a kusan mutum 8 cikin 10, wani wurin sama da haka kaɗan, wani wurin ƙasa. Ragowar sai an sake wani abu. Kuma dacewar ta danganta da girman ƙullutun, da wurin da yake, da ko akwai reshen iska da ya nufe shi kai tsaye, da kuma yawan aikin da likitan ya taɓa yi. Haɗarinsa kaɗan ne amma akwai: sacewar huhu, zubar jini, da abin da ke tattare da maganin barci, ga kuma ƙarin hasken hoto da jiki yake sha a kowane kewaye. Wani amfaninsa kuma, a zama ɗaya likita yana iya duba kaluluwar tsakiyar ƙirji ya ɗebo nata naman, a san ko ciwon ya yaɗu, abin da allurar waje ba ta yi.

Sai maganar kuɗi da wuri. Waɗannan injina masu tsada ne ƙwarai, ga kayan da ake canzawa bayan aiki, ga na'urar hoton ita ma da nata kuɗin, ga buƙatar wutar da ba ta ɗaukewa. Galibinsu a manyan asibitocin Amurka suke, sai wasu a Turai da Asiya. Ba na so wani ya saurari shirin nan ya ce tunda ba mu da mutum-mutumi a kusa, sai mu zauna mu jira, ko mu sayar da gona mu tafi nemansa. Ku duba lambobin da na karanto: tsohuwar allurar waje ta samu kashi 74, ba ta yi nisa da 79 ba. Ana yin bronkoskopi da bayopsi a manyan asibitocin koyarwa na ƙasar nan. Abin da yake cutar da mu ba rashin inji ba ne kawai, jinkiri ne.

Kuma akwai wani abu da ya shafe mu kai tsaye. Najeriya ce ta fi kowace ƙasa a Afirka yawan masu tarin tibi. Saboda haka idan aka ga tabo a huhun mutum a nan, tunanin farko tibi ne, kuma sau da yawa hakan ne. Amma tibi da sankarar huhu suna kama da juna: tari, rama, kaki da jini. Akan samu wanda zai sha maganin tibi wata da watanni ba tare da gwaji ya tabbatar ba, sai daga baya a gano ba shi ba ne, lokaci ya riga ya tafi. Don haka a yi gwajin kaki, kyauta ne a cibiyoyin tibi na gwamnati. Idan gwaji bai nuna tibi ba, ko ana shan magani yadda ya kamata amma babu sauƙi, a koma wurin likita a nemi a tura mutum ga ƙwararren likitan ƙirji. Wannan ba rashin kunya ba ne, haƙƙinka ne.

Ga abin da zan ce ku tambayi likitan Baba idan kun koma. Wane irin ƙullutu ne, kuma a ganinsa yaya ƙarfin zargin yake? Akwai tsohon hoton da za a gwada da wannan a ga ko ya ƙaru? In akwai a gida, ko na shekara nawa ne, ku ɗauko ku tafi da shi, yana iya raba gardama. Jira za a yi ko nama za a ɗebo, kuma ta wace hanya? In sakamako ya dawo ba a ga komai ba, mene ne mataki na gaba, kuma yaushe? Ku rubuta ranar a takarda ku manna a bango. Ƙullutu mai milimita 12 a huhun wanda ya sha taba ba abin firgita ba ne, amma kuma ba abin da za a ce bari sai bayan salla ba ne.

Mu kuma matasa, kada mu ce wannan zancen tsofaffi ne. Huhun da za a ɗauka hoto nan da shekara 30, yau muke gina shi. Taba ita ce babbar sila, kuma shisha da ake ɗauka kamar ado ita ma hayaƙin taba ce, ruwan da ke ƙasan tulun ba ya wanke gubar. Iyayenmu mata kuma da ke wuni a kan murhun itace a rufaffen madafi, a taimaka a buɗe musu inda hayaƙi zai fita.

Nan za mu dakata a yau. Wanda yake da tambaya ya ajiye ta a ƙasan wannan rubutun, in Allah ya yarda zan bi su ɗaya bayan ɗaya. Wanda kuma ya san gidan da ake cikin irin wannan zullumi, ya tura musu. 'Yar'uwa, ki gaishe mana da Baba, ki ce muna yi masa addu'a, kuma ki sanar da mu yadda aka yi. Allah ya sa abin ya zo da sauƙi.

Sai mun haɗu a shiri na gaba. Wassalamu alaikum.